Morishus: Yawon Buɗe Ido Tsakanin Cin Riba Da Cin Uwar Kuɗi

A cikin shekarar 2024, baƙi 'yan yawon buɗe ido kimanin miliyan 1 da dubu 380 suka sauka a tsibirin Morishus, adadin da ya zarce yawan 'yan ƙasar kansu, waɗanda ba su wuce miliyan 1 da dubu 260 ba. Babban bankin ƙasar ya ƙiyasta kuɗin da waɗannan baƙi suka kashe a kan Rupi miliyan dubu 93 da 'yan kai, alhali kuwa a 2019, wato shekarar ƙarshe kafin annobar korona, baƙi kusan daidai wannan adadi sun bar Rupi miliyan dubu 63 ne kawai. Duk wanda ya dubi waɗannan alkaluma a kan takarda zai ce kasuwa ta yi kyau, domin ciniki ya ƙaru da kusan rabi ba tare da an ƙara yawan masu saye ba.

Amma ɗan kasuwa mai lura ba ya tsayawa a nan. A 2019 ana sayen Dalar Amurka ɗaya a kan Rupi 35 zuwa 36, a 2024 kuwa sai da Rupi 46 ko fiye. Idan aka mayar da lissafin zuwa Dala, cinikin ya tashi ne daga kimanin miliyan 1,800 zuwa kimanin miliyan 2,000, a daidai lokacin da farashin kaya a Amurka kanta ya hau da fiye da kashi 20 daga cikin 100. Wato ke nan abin da kuɗin kowane baƙo zai iya saya wa ƙasar a kasuwar duniya bai ƙaru ba, mai yiwuwa ma ya ɗan ja baya. Sa'an nan kowane baƙo yana shan ruwa, yana taka rairayi, yana barin shara. Wannan shi ne dalilin da ya sa ya kamata hukumomin Morishus su daina auna nasara da ƙidayar kawunan baƙi. Bakin teku da shingen murjani da filayen gaɓa su ne uwar kuɗin wannan sana'a, kuma akwai alamun an fara cin su ana ɗauka riba ce.

Yadda Aka Aza Harsashi

Morishus tana cikin Tekun Indiya, kimanin kilomita 2,000 daga gaɓar kudu maso gabashin Afirka, gabas da Madagaska, kuma faɗin ƙasar duka bai fi murabba'in kilomita 2,040 ba. Babu mazauna a tsibirin kafin zuwan Turawa. Mutanen Holan suka fara zama a 1638, suka bar shi a 1710, Faransawa suka karɓa a 1715, sa'an nan Ingila ta ƙwace shi a 1810 ta riƙe har ran 12 ga watan Maris 1968 da aka ba shi mulkin kai. A tsawon wannan lokaci rake shi ne komai. Don nomansa aka kawo bayi daga Madagaska da gabashin Afirka, kuma bayan an soke bauta a 1835 don nomansa aka yi ta jigilar 'yan ƙwadago daga Indiya.

Lokacin samun mulkin kai, sukari ne ya ƙunshi fiye da kashi 90 daga cikin 100 na kayan da ƙasar ke fitarwa. Rashin aiki ya yi katutu, jama'a na ƙaruwa cikin sauri, ga zaman ɗar-ɗar tsakanin ƙabilu. Masanin tattalin arzikin nan na Ingila, James Meade, wanda daga baya ya sami lambar yabo ta Nobel, ya jagoranci wani bincike da aka buga a 1961, inda ya nuna shakku ƙwarai kan makomar tsibirin. A 1970 baƙin da suka ziyarci ƙasar ba su kai dubu 30 ba. Rairayin da ake tallarsa a yau yana nan a lokacin, haka ma shuɗin ruwan, amma ba su kawo ko kwabo na a zo a gani ba, sai da aka ɗauki wasu matakai da gangan.

Mataki na farko ya shafi mallaka. Lokacin da farashin sukari ya yi tashin gwauron zabo a tsakanin 1973 da 1975, kuma yarjejeniyar Lome ta 1975 ta ba Morishus damar sayar wa Turai kimanin tan dubu 500 a kowace shekara bisa tsayayyen farashi mai tsoka, masu gonakin rake ba su kwashe ribar duka zuwa ƙetare ba. Sun zuba wani kaso mai yawa a masaƙu da otel-otel. Ta haka manyan kamfanonin masaukin baƙi irin su Beachcomber da Sun da Constance da Lux suka kasance na 'yan ƙasa, ana cinikin hannun jarinsu a kasuwar hannun jari ta Port Louis da aka kafa a 1989, har wasunsu suka buɗe otel a wasu ƙasashe. Gaskiya ne cewa mafi yawan wannan dukiya ta taru a hannun wasu tsirarun iyalai zuriyar Faransawa, kuma wannan ƙorafi ne da bai mutu ba har yau. Duk da haka, ribar da ta kwana a gida ta fi wadda ta hau jirgi.

Mataki na biyu shi ne zaɓen irin baƙon da ake nema. Gwamnatocin farko, musamman ta hannun Sir Gaëtan Duval wanda ya yi fice wajen tallata tsibirin a Turai, sun zaɓi sayar da gadaje kaɗan da tsada maimakon gadaje barkatai da araha. Shekara da shekaru aka taƙaita jiragen shata masu jigilar baƙi a farashi mai rahusa, aka dogara ga kamfanin jiragen sama na ƙasa, Air Mauritius, wanda aka kafa a 1967, da wasu manyan kamfanoni ƙalilan. Otel irin su Saint Géran da aka buɗe a 1975 suka sa sunan tsibirin ya shiga bakin masu hannu da shuni. Hikimar a fili take: wanda zai yi sa'a 11 ko 12 a cikin jirgi daga Faris ko Landan ba mai neman araha ba ne, kuma ƙaramin tsibiri ba shi da filin da zai yi gasar yawa da manyan ƙasashe.

Mataki na uku bai shafi bakin teku ba ko kaɗan. An buɗe makarantar koyon aikin otel a farkon shekarun 1970, an mayar da karatun sakandare kyauta bayan sanarwar 1976, an kuma yi yaƙi da zazzaɓin cizon sauro har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasar shaidar kawar da shi a 1973, kuma da ya sake ɓulla bayan 'yan shekaru aka sake murƙushe shi. Ma'aikacin otel a Morishus yana jin Faransanci da Ingilishi ban da harshensa na Kiriyol. Ƙasar ba ta da rundunar soja ta dindindin, kuma ban da tarzomar 1968 da ta 1999, mulki yana sauya hannu ta akwatin zaɓe, kamar yadda aka gani a 1982 da 1995 da 2014 da kuma 2024. Baƙo ba ya ganin waɗannan abubuwa a hoton talla, amma su yake biya ba tare da ya sani ba.

Mataki na huɗu shi ne ƙin jingina ga sana'a guda. Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya, don haka aka jera wa tattalin arzikin murhu: rake, da masaƙun da suka bunƙasa bayan dokar yankin sarrafa kayan fitarwa ta 1970, da yawon buɗe ido, da harkar bankuna da rajistar kamfanonin ƙetare wadda ta kankama a farkon shekarun 1990. Amfanin wannan ya bayyana a 2020. Tattalin arzikin Morishus ya tsuke da kusan kashi 15 daga cikin 100 a shekarar, wanda ba ƙaramin bugu ba ne, amma na tsibiran Maldibs, inda kusan komai ke rataye a wuyan baƙi, ya faɗi da kimanin kashi ɗaya cikin uku.

Inda Aka Fara Taɓa Uwar Kuɗi

Sauyin alƙibla ya zo ne lokacin da duwatsu biyu na murhun suka girgiza a tare. A farkon 2005 tsarin kason tufafi na duniya ya ƙare, masaƙun Morishus suka shiga gasa kai tsaye da na Sin da Bangaladash, ma'aikata dubbai suka rasa aiki. Daga 2006 zuwa 2009 kuma Tarayyar Turai ta zaftare farashin sukarin da take saye da kashi 36 daga cikin 100. Sai ido ya koma kan baƙi. Gwamnati ta sa burin samun baƙi miliyan 2 nan da 2015, aka sassauta sararin samaniya ga ƙarin kamfanonin jiragen sama, aka ba da izinin gina ƙarin otel. Burin bai cika ba, domin sai a 2014 aka haura miliyan ɗaya, kuma ƙololuwar da aka kai kafin annoba ita ce kusan miliyan 1 da dubu 400 a 2018. Abin da burin ya bari shi ne sabon ma'auni, wato yawan kai, da otel sama da 100 masu ɗakuna fiye da 13,000 waɗanda dole a cika su ko da ta hanyar rage farashi ne.

Tare da wannan aka buɗe wata ƙofa. Tun daga 2002 doka ta ba baƙi damar sayen gidajen alfarma a wasu keɓaɓɓun unguwanni, kuma wanda ya sayi gida na Dala dubu 500 ko fiye yana samun izinin zama, adadin da aka rage zuwa Dala dubu 375 a 2020. Tsoffin gonakin rake da ke kallon teku suka zama filayen wasan golf da rukunin gidaje masu shinge. Shekaru da dama ke nan harkar gidaje da filaye ita ce ke ɗaukar kaso mafi girma na jarin waje da ke shiga ƙasar, kuma ana lissafa wannan a matsayin ci gaba. Amma akwai bambanci tsakanin haya da sayarwa. Ɗakin otel ana sayar da shi dare 365 a shekara, kuma gobe yana nan. Gidan da aka sayar wa attajirin Faransa ko Afirka ta Kudu kuɗinsa sau ɗaya yake shigowa, aikin da yake samarwa bayan an gama gini bai taka kara ya karya ba, sa'an nan yana tura farashin fili sama har matashin da aka haifa a garin ya kasa mallakar inda zai kafa gida.

Batun gaɓa ma haka yake. Tun zamanin Faransawa wani zirin fili mai faɗin kimanin mita 81 daga bakin ruwa mallakar hukuma ne, kuma shi ake ba otel-otel da masu gidajen hutu haya na dogon lokaci. Duk kadadar da aka bayar tana rage inda iyalan ƙasar za su shimfiɗa tabarma ranar Lahadi. Da aka cire gaɓar Pomponette da ke kudu daga jerin wuraren shaƙatawar jama'a domin a gina otel, sai wata ƙungiya ta taso da suna a harshen Kiriyol mai ma'anar a daina sace mana bakin teku, ta yi shekaru tana zanga-zanga da zuwa kotu. Wanda ya san kasuwanci ba zai raina irin wannan ba. Fara'ar ma'aikaci da sakin fuskar mutumin gari suna cikin hajar da Morishus ke sayarwa, kuma mutumin da aka hana shi rairayin garinsu ba zai daɗe yana yi wa baƙo murmushi ba.

Sai kuma shingen murjani, wanda ya kewaye mafi yawan tsibirin. Shi ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa, ya bar kwantaccen ruwa marar zurfi tsakaninsa da gaɓa inda baƙi ke iyo, kuma daga ɓurɓushinsa farin rairayin yake samuwa. Ɗumamar teku tana sa murjani ya koɗe ya mutu, kamar yadda aka gani a 2016, kuma dattin ruwa daga gidaje da gonaki, da farfelar jiragen ruwan shaƙatawa, da gine-ginen da aka kafa dab da ruwa suna ƙara masa rauni. Inda shingen ya lalace teku na cin gaɓa, har wasu otel suka koma jera buhunan yashi da duwatsu don kare harabarsu. Hukuma ta taɓa nuna cewa tana iya yanke shawara mai ɗaci, domin a 2001 ta hana haƙar yashi daga cikin ruwan gaɓa duk da kukan masu cin abinci da sana'ar. Irin wannan ƙarfin hali ake bukata yanzu a kan masu ƙarfi.

Shekarar 2020 ta nuna yadda dukiyar ke iya salwanta dare ɗaya. Ran 25 ga watan Yuli wani katafaren jirgin dakon kaya mai suna Wakashio, mallakar wani kamfanin Japan mai rajistar Fanama, ya yi karo da shingen murjani kusa da Pointe d'Esny a kudu maso gabas. Bayan kwana 12 mai ya fara tsiyaya, har kimanin tan 1,000 ya malala a kusa da gandun ruwa na Blue Bay. Talakawa ne suka yi ta cusa ganyen rake da gashin kansu a cikin dogayen buhuna don tare man. Ran 29 ga watan Agusta dubban mutane suka cika titunan Port Louis suna tuhumar gwamnati da jan ƙafa. A kotu ta bayyana cewa an matso da jirgin kusa da gaɓa ne don neman sabis na wayar hannu, kuma aka yanke wa kyaftin da mataimakinsa ɗaurin wata 20. Ƙasar da ke zaune a kan babbar hanyar jiragen ruwa, wadda kuma abincinta ke cikin ruwan gaɓarta, ba ta da isassun kayan ko-ta-kwana a ranar da aka bukace su.

Annobar korona kuwa ta tona asirin wanda ke ɗaukar hasara idan kasuwa ta faɗi. Baƙi sun ragu zuwa kimanin dubu 309 a 2020 da dubu 180 a 2021, domin sai ran 1 ga watan Oktoba 2021 aka buɗe iyaka gaba ɗaya. Air Mauritius ya shiga hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya ci a watan Afrilu 2020, bai fito ba sai da kuɗin gwamnati a 2021. Babban banki ya miƙa wa gwamnati Rupi miliyan dubu 60, ya kuma kafa wani kamfanin zuba jari da kuɗin ajiyarsa, wanda manyan otel ke cikin waɗanda suka amfana da shi. An ceci ayyukan yi, wannan babu musu. Amma darajar Rupi ta zube, hauhawar farashi ta haura kashi 10 daga cikin 100 a 2022, kuma mai sayen shinkafa da man girki shi ya biya. Idan riba ta masu hannun jari ce, hasara kuwa ta kowa da kowa, to al'umma tana da haƙƙin ta sa baki a kan yawan otel ɗin da za a ƙara.

Har ila yau, ba duk abin da baƙo ya kashe ne ke kwana a ƙasar ba. Morishus tana shigo da mafi yawan abincinta da dukan man feturinta, saboda haka wani kaso na kuɗin farantin da aka ajiye wa baƙo yana komawa inda naman da alkamar suka fito. Dillalan tafiye-tafiye na Turai da kamfanonin intanet masu kama ɗaki suna cire ladansu tun kafin jirgi ya tashi. Tsarin nan na biyan kuɗin kwana da ci da sha a dunƙule yana tsare baƙo a cikin shingen otel, mai tasi da mai gidan abinci na cikin gari su wuni suna hamma. Daɗin daɗawa, matasan da aka horar suna tafiya aiki a jiragen ruwan shaƙatawa da otel-otel na ƙetare inda albashi ya fi tsoka, ana cike gurbinsu da ma'aikata daga Indiya da Nefal da Madagaska da Bangaladash, waɗanda su ma ke aika kuɗinsu gida. Sana'ar da aka faɗaɗa don samar wa 'yan ƙasa aiki ta kai matsayin da sai an shigo da masu yin aikin.

Hajar Da Ke Jibge A Bayan Shago

Abin takaici shi ne ƙasar tana da kayan da ba ta gama fitarwa gaban shago ba. A kusurwar kudu maso yamma akwai dutsen Le Morne mai tsayin mita 556, inda bayin da suka gudu daga gonaki suka riƙa ɓuya, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. A bakin tashar jiragen ruwa ta Port Louis akwai Aapravasi Ghat, wanda ya sami irin wannan matsayi a 2006, mashigar da ke tuna wa duniya 'yan ƙwadago kusan rabin miliyan da aka kawo tsakanin 1834 da 1920, yawancinsu daga Indiya. Waɗannan wurare biyu suna ba da labarin yadda aka gina arzikin sukari a kan gumin Afirka da Asiya, labarin da ke da masu sauraro a nahiyoyin biyu, ba a Turai kaɗai ba.

A cikin babban birnin akwai Masallacin Juma'a da 'yan kasuwa Musulmi suka fara ginawa a tsakiyar ƙarni na 19, a ƙasar da Musulmi suka kai kimanin kashi 18 daga cikin 100, ga babbar kasuwa, ga filin sukuwa na Champ de Mars da aka buɗe tun 1812, ga gidan tarihin da ke ajiye da kan sarkin nan na 1847 waɗanda ke cikin mafi tsada a duniya. A tsakiyar tsibirin, tafkin Grand Bassin yana karɓar dubban ɗaruruwan mabiya addinin Hindu da ke tattaki zuwa can kowace shekara. A Pamplemousses akwai lambun itatuwa na ƙarni na 18 mai manyan ganyen bado, a Chamarel akwai tudun ƙasa mai launi bakwai da magangarar ruwa mai tsayin kusan mita 100, ga kuma gandun dajin Black River da aka keɓe a 1994. Baƙon da ya kwana biyu a ƙaramin masauki kusa da waɗannan wurare yana barin kuɗinsa a hannun mutane da yawa, kuma ba ya ƙara wa gaɓa nauyi.

Tarihin tsibirin kansa ya ƙunshi gargaɗi da kuma ƙarfafa gwiwa. Tsuntsun nan marar tashi da ake kira dodo, wanda sunansa ba shi da dangantaka da dodon tatsuniya, ya ƙare ƙurmus kafin ƙarshen ƙarni na 17, ƙasa da shekara ɗari bayan saukar mutanen Holan, kuma yau sai dai a sayar da gunkinsa na katako a filin jirgi. A ɗaya ɓangaren, wani ƙaramin shaho da babu irinsa a ko'ina ya ragu zuwa guda 4 da aka sani a 1974, amma da aka dage da kiwonsa da kare mazauninsa ya koma ɗaruruwa. Abin da aka bari ya mutu ba ya dawowa ko da nawa za a kashe, wanda aka tara a kan lokaci kuwa yana iya zama abin da baƙi za su biya su gani.

Hujjar Masu Neman Ƙari

Masu son a ci gaba da faɗaɗawa suna da hujja mai nauyi. Yawon buɗe ido yana ba da kimanin kashi 8 daga cikin 100 na arzikin ƙasar kai tsaye, kuma idan aka haɗa da sana'o'in da ke rataye da shi ya kusa kashi ɗaya cikin biyar. Shi ne babbar hanyar samun kuɗin musaya da ake sayen abinci da mai da magani. Bashin gwamnati ya haura kashi 80 daga cikin 100 na arzikin ƙasa a 2024, rake da masaƙu sun ja baya, harkar kuɗi ta ƙetare kuma tana shan matsin lamba tun da Indiya ta sake fasalin yarjejeniyar harajinta da Morishus a 2016. Ga kuma abokan gasa, Maldibs da Zanzibar da Siri Lanka, waɗanda ba za su tsaya jiran kowa ba. A ganin waɗannan mutane, mai bashi a wuya ba ya korar mai saye.

Amsar ita ce ba korar mai saye ake nufi ba. Lissafin da ke farkon wannan sharhi ya nuna cewa matsalar tana cikin abin da kowane baƙo ke bari, kuma ƙarin gadaje ba ya warkar da ita, sai ma ya tilasta wa otel-otel karya farashi a watannin sanyi na Yuni zuwa Agusta lokacin da baƙi ke raguwa. Baƙo yana yin dare 10 zuwa 11 a tsibirin. Idan aka sa ya ƙara kashe kashi 10 daga cikin 100 a wannan zama, an sami abin da baƙi dubu 138 za su kawo, ba tare da an ƙara bandaki ɗaya ko an yanke wa wata unguwa ruwan famfo ba, a ƙasar da ake rabon ruwa da awa a lokacin rani. A fagen araha kuwa Morishus ba za ta taɓa kayar da ƙasashen da suka fi ta kusa da Turai ko suka fi ta arhar ƙwadago ba. Abin da take da shi shi ne suna, kuma cunkoso shi ne babban abokin gaban wannan suna.

Saboda haka akwai matakan da suka kamata. A dakatar da ba da sababbin filayen gaɓa ga otel da gidajen alfarma har sai an tantance abin da ruwa da rairayi da magudanai za su iya ɗauka, a karkatar da jari zuwa gyaran tsoffin otel. A riƙa bayyana wa jama'a sharuɗɗan hayar filayen hukuma da kuɗin da ake biya. Duk harajin da aka karɓa daga baƙo da sunan muhalli a keɓe shi ga farfaɗo da murjani da tace ruwan datti da kayan yaƙi da malalar mai, a kuma buga lissafinsa kowace shekara. A ɗaure sabunta lasisin manyan otel da yawan kifi da kayan lambu da 'ya'yan itacen da suke saye daga manoma da masuntan gida. A nemi baƙi daga Indiya da ƙasashen Larabawa da sauran Afirka, waɗanda lokacin hutunsu bai zo ɗaya da na Faransa da Ingila da Jamus ba. Daga ƙarshe, hukumar ƙididdiga ta riƙa fitar da adadin Dalar da ta rage a ƙasar daga kowane dare na baƙo bayan an cire kayan da aka shigo da su, a ba wannan adadi muhimmancin da ake ba yawan masu sauka daga jirgi.

Ga mai tunanin sa kuɗinsa a harkar masaukin baƙi, a Morishus ne ko a wani tsibiri, tambayoyin da suka fi amfani ba su cikin takardar talla. Nawa ne farashin ɗaki a Dala ko Yuro idan aka kwatanta da shekara biyar da suka wuce? Shekara nawa suka rage a hayar filin? Mita nawa ne tsakanin ginin da ruwa, kuma nawa ne a da? Daga ina ruwan sha da ma'aikata suke zuwa, kuma mutanen garin da ke maƙwabtaka suna kallon otel ɗin a matsayin abokin arziki ko mai ƙwace? Morishus ta ƙaryata hasashen 1961 ne saboda shugabanninta na farko sun san girman tsibirinsu, suka sa masa farashi daidai da ƙarancinsa. Tsibirin bai ƙara ko taku ɗaya ba tun daga lokacin, a wasu gaɓoɓin ma raguwa ya yi, kuma duk tsarin da za a yi wa shekaru 20 masu zuwa dole ya fara daga wannan lissafi.